Dardumar Kawu Douwe

Kawuna Douwe, yayan mahaifiyata, yana da ganguna saiti biyu a garejinsa, irin waɗanda ake zama a kujera a kaɗa da sanduna. Akwai ja, wanda yake fita kiɗa da shi, akwai kuma baƙi, tsohon da ya fara da shi tun ba a haife ni ba. Baƙin ya fi shekara goma yana shan ƙura a bayan injin yankan ciyawa. Matarsa, Inna Renske, ita ta matsa lamba a sayar da shi, don ta sami inda za ta riƙa jingine sabon kekenta mai batir.

Ni aka ɗora wa aikin. Ban yi karatu mai nisa ba, tatsar shanu nake yi a gonar wani mutum a bayan ƙauyenmu, amma saye da sayarwa a kasuwar intanet na iya shi daidai gwargwado. Na sayar da keke biyu, da firji, har da wata kujera da kyanwa ta yayyaga, kuma ban taɓa yin sa-in-sa da kowa ba. Abin da daɗi. Kana zaune a kicin, wanda ba ka taɓa gani ba zai taso daga wani gari ya zo ya raba ka da tarkacen da ya ishe ka, ya ba ka kuɗi, har ya yi maka godiya.

"Auke, ka rubuta musu cewa ganga ce mai tarihi," in ji Kawu.

"Tarihin me?" in ji Inna Renske daga bakin murhu. "Ɓera dai ya haihu a cikinta sau biyu."

"To ai ɓeran ma ya san abu mai kyau. Ke ce dai ba ki da kunne."

"Ni da na shekara arba'in ina shan wannan kwaramniyar? Da ba ni da kunne ai da na huta."

Haka suke kullum.

Sai na faɗi yadda Kawu yake kafin a gane abin da na yi. Ciwon suga ya cinye masa ido, yau shekara shida ke nan. Yana gane haske da inuwa, shi ke nan. Amma bai bar kiɗa ba. Su uku ne: shi, da abokinsa Siebe mai kaɗa fiyanon lantarki, da wata mata da take yi musu waƙa. Duk Lahadi da yamma suna zuwa zauren taro na wani ƙauye su yi wa tsofaffi kiɗan rawa, a sha kofi, a ci kek, ƙarfe biyar kowa ya kama gabansa. Wannan Lahadin ita ce makon Kawu gaba ɗaya. Sauran kwana shidan jiran ta yake yi.

Fiyanon Siebe kuwa yana da wani maɓalli, in an danna shi sai kiɗan ganga ya fito da kansa. Siebe yakan ce masa, "Douwe, ranar da ka fara dukan iska, ga magajinka nan. Ba ya shan kofi, ba ya gardama, ba ya tsayar da mota don fitsari."

Kawu ya ce, "Kuma ba ya rufa maka asiri in ka ɓata hanya a tsakiyar waƙa, tsohon banza."

A yi dariya. Amma kowa ya san wasan nan yana da ƙashi a ciki.

Abin da ya hana Kawu dukan iska, darduma ce. Ja ce mai duhu, ta koɗe, tsawonta bai fi taku uku ba. Duk mai kaɗa irin waɗannan gangunan yana da irinta, don kada babbar gangar ta riƙa zamewa gaba in ana taka feda. Ta Kawu dai ta fita daban. Duk inda ƙafar wani ƙarfe mai riƙe ganga ko faifan kiɗa take tsayawa, ya manna salatif mai kauri. Tun yana gani ya fara, shekara talatin, salatif kan salatif, har kowane wuri ya yi tudu. Da idon ya fara tafiya sai ya ƙara dabara: wani wurin ya cusa murfin kwalba a ƙarƙashi, wani maɓallin riga, wani guntun katako. In an je wurin rawa Inna Renske ta shigo masa da kaya ta ajiye, shi kuma ya durƙusa ya shimfiɗa dardumarsa ya bi ta da yatsu. Murfin kwalba, nan ƙafar faifan tagulla na dama. Maɓalli, nan ƙaramar ganga. Minti goma ya gama, ba mai taɓa masa komai. In ya zauna, hannunsa ya san inda kowane abu yake. Da yawa cikin masu rawar ba su ma san ba ya gani ba, sun ɗauka baƙin tabarau ɗin na gayu ne.

Duk wannan na sani. Ba zan ce ban sani ba.

Ranar Litinin bayan tatsar safe na jawo baƙin saitin, na goge shi, na kafa shi a tsakar gareji. Da na ɗauki hoto sai na ga simintin duk ɗigon baƙin mai, kayan suka fito kamar na bola. Kowane mai sayarwa ya san hoto shi ne rabin ciniki. Na waiga, ga dardumar Kawu a naɗe, jingine da bango. Na shimfiɗa ta, na mayar da gangunan a kanta, nan da nan suka yi kyau kamar a kanti. Sai na rubuta tallar, na rufe da abin da kowa yake rufewa da shi, wanda ni ma na saba rubutawa ba tare da na tsaya tunani ba: "Abin da ka gani a hoto shi za ka tafi da shi. Sai dai a zo a ɗauka, ba na aikawa. Kofi yana kan wuta."

Kafin in koma gona mutum huɗu sun rubuto. Biyu suka tambaya ko kayan suna nan, daga nan ban ƙara jin su ba. Ɗaya ya ce in ba shi a rabin kuɗi. Na huɗun, mai suna Joeri, ya ce gobe zai taso daga garin Zwolle, can kudu da mu. Na bar gangunan a kafe a kan dardumar, tun da na san zai so ya gwada.

Ya iso ranar Talata da rana, lokacin Inna Renske ta kai Kawu asibiti a garin Dokkum a duba masa ƙafa. Joeri dogo ne mai fara'a, da motar ɗaukar kaya. Ya sha kofi, ya ɗauki biskit ɗaya, ya zauna ya buga gangunan har tagar gareji tana rawa. Bai nemi ragi ba ko kaɗan, ya ciro kuɗi ya miƙo mini. Wannan ya sa na ji kamar ya yi mini alheri. Muka kwashe kayan tare muka loda. Da na dawo ciki sai na tarar ya durƙusa yana naɗe dardumar.

"Af, wannan ba ta ciki," na ce.

Ya ɗago. "Ba ta ciki?"

"A'a. Don hoto kawai na shimfiɗa."

Ya ciro wayarsa ya juyo mini da ita, yana murmushi. "Abokina, karanta mini layin ƙarshe. Ni na rubuta ko kai?"

Na karanta, ko da yake na san abin da yake wurin.

"To ka gani," ya ce. "Ni ba rigima na zo yi ba. Amma tafiyar awa ɗaya da rabi na yi, kuma da darduma na ga kayan. Dube ta ma, duk salatif, ko kare ba zai kwanta a kai ba. In ka ce a'a, to a'a ce, sai dai ban zaci haka kuke ciniki a nan arewa ba."

A wajenmu abin da ka faɗa ka faɗa, balle wanda ka rubuta da hannunka. Duk da haka magana ɗaya ce za ta kashe zancen. In ce masa ta kawuna ce, ba ya gani, da ita yake gane kayansa. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna yadda Kawu yake ɗaure fuska in wani ya ambaci idonsa a gaban baƙo. Sai kuma wani tunanin ya zo mini: ai ina da hoto. In sayo sabuwar darduma, in duba hoton, in manna komai inda yake. Har na ji kamar gyara zan yi masa.

"Ɗauka," na ce.

Da ya tafi na goge tallar, kamar yadda ake yi don mutane su daina tambayar ko kaya suna nan. Saƙonnin da muka yi da shi suka tafi tare da ita. Ban karɓi lambarsa ba, me zan yi da ita?

Na hau keke na je kanti na sayo darduma mai kama da ita, da salatif. Na shimfiɗa a gareji, na buɗe hoton, na buɗa shi da yatsu. Nan na ga matsalar. Daga gefe na ɗauki hoton, kuma baƙin saitin ya zauna a kan rabin alamun ya rufe su. Waɗanda suka fito ma ba a gane nisan da ke tsakaninsu, ko taƙi ɗaya ne ko biyu.

Ina nan durƙushe na ji motarsu ta tsaya. Kawu ya shigo yana bin bango da hannu, yana cewa, "An sayar? Kai, ji yadda wurin ya yi faɗi, har muryata tana dawowa." Hannunsa ya kai inda dardumar take jingina, ya shafa bangon sama da ƙasa.

"Wa ya matsar mini da darduma?"

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Inna Renske da ke bakin ƙofa ta saki jakarta.

"Kai, Auke! Kai dai in wani ya ce gidan ma ya fito a hoto, makulli za ka miƙa masa har ka raka shi!"

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya laluba kujerar kiɗansa ya zauna.

"Ka ce masa tawa ce?"

"Ban ce ba, Kawu."

"Don me?"

"Ban so in ce masa... wato, cewa kai..."

"Makaho ne. Faɗi mana, ɗan nan. Kalma ce, ba ta cizo." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, abin da ba shi da wani amfani gare shi, sabo ne kawai. "Kunyar da ka ji mini ta yi tsada."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba da Alhamis ban san yadda na yi tatsa ba. Duk ɗan sarari ina kan waya. Na rubuta wa duk mai sayar da kayan kiɗa a Zwolle da kewaye ina tambayar ko sun san wani dogo mai suna Joeri. Wani ya ce Joeri bakwai ya sani. Wani ya ce in darduma nake nema yana da guda uku. Abin da ya sa kasuwar take da daɗi, wato baƙo ya zo ya tafi ba ruwan kowa da kowa, shi ne ya juyo kaina.

Sai ranar Juma'a na gan su. Baƙin saitin ne, an raba shi ɗaya-ɗaya, kowace ganga da tallarta, an goge su suna ƙyalli. Ashe sana'ar Joeri ke nan, ya saya ya gyara ya sayar. A ƙarƙashin kowace ganga kuwa ga jar darduma, fes, ba ko ɗigon salatif.

Na rubuta masa ya ba ni adireshi, Asabar da safe na ari motar mai gonarmu na tafi. Wannan karon ina sauka na faɗi kalmar, na ce dardumar kawuna ce kuma makaho ne, tun kafin mu gama gaisawa. Joeri ya dafe kai.

"Haba, abokina! Me ya hana ka faɗa a lokacin? Da ni da kaina zan jingine masa ita. Awa biyu na yi ina ɓanɓare salatif ɗin nan. Matata ta ce ba za ta shigar mata gida da wannan warin ba, har injin tururi na aro. Na yi ta mamakin murafen kwalba, na ce ko yara ne."

"Suna ina?"

"An kwashe shara tun Alhamis."

Ya naɗe dardumar ya sa mini a mota da kansa, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce sai na sha kofi kafin in juya. Mutumin kirki ne. Na so a ce ba haka ba, ko na sami wanda zan raba laifin da shi.

Da yamma muka shimfiɗa ta a gareji. Kawu ya durƙusa ya bi ta da tafin hannu, sannu a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sami ramuka biyu inda ƙusoshin babbar ganga suka huda ta, ya sami inda diddigensa ya cinye gashin. Sauran kuwa tururi ya tayar da su, sun yi sumul.

"Ƙamshin lemo take yi," ya ce. "Tunda na saye ta ba ta taɓa yin ƙamshi ba."

Muka kafa jan saitin. Ya zauna, na tsuguna da salatif a hannu. Ya miƙa sanda ya taɓa faifan dama.

"Matso da shi kaɗan. A'a, ya yi yawa. Mayar. Tsaya." Ya buga. "Da can haka yake?"

"Ina jin haka ne, Kawu."

"Kana ji. Ni ma ina ji. Matso da shi."

Awa uku muna wannan. In ya ce ya yi, na manna, sai ya buga waƙa ɗaya ya ce a'a, in ɓare. Inna Renske ta kawo mana miyar wake da burodi, ta ce, "Tsoho, ai yatsa biyu ne bambancin, wa zai sani?"

"Hannuna," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "Shekara talatin bai taɓa tambaya ta ina abu yake ba, zuwa kawai yake yi. Yau tambaya yake yi. Kafin in ba shi amsa kiɗa ya wuce."

Lahadi na bi su, abin da ban saba ba. Zauren ya cika, an jera tebura a gefe, tsofaffi sun sha ado. Kawu ya shimfiɗa dardumarsa, ya bi sabon salatif ɗin da yatsu, ya kafa komai shi kaɗai. Ya ɗauki kusan rabin awa.

"Douwe, gida kake ginawa?" in ji Siebe. "Kek zai ƙare."

"Ka ci nawa, mu ga ko tumbin nan zai bar ka ka kai ga maɓallan."

Waƙa uku na farko lafiya lau, sai dai ni da na san shi na ga kafaɗunsa sun ɗaure, yana kiɗan a takure kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. A ta huɗu akwai inda kowa yake tsayawa cak, sai faifan dama ya yi ƙara shi kaɗai, masu rawa su juya. Wurin ya zo. Kawu ya ɗaga hannu ya kai duka, sandar ta wuce ta gefen faifan ba ta taɓa komai ba. Shirun bai fi ƙiftawar ido ba, amma duk zauren ya ji shi. Wata tsohuwa ta yi tuntuɓe da ƙafar mijinta, aka yi 'yar dariya. Da wurin ya sake zagayowa ya matsar da hannu don ya gyara, sai ya doki ƙarfen, sandar ta kuɓuce ta gangara har ƙarƙashin teburin kek.

Siebe bai danna maɓallin gangar nan ba, wannan zan shaide shi. Ya ci gaba da kiɗansa yana kallon ƙasa. Kawu ne ya juya wajensa ya ce, da muryar da na jiyo daga inda nake, "Danna mana, Siebe. Mutane rawa suka zo yi."

Ya danna. Kiɗan ya fito daidai wa daida, tsofaffi suka ci gaba da juyawa. Kawu ya zauna a bayan gangunansa da sanda ɗaya a cinya har aka tashi.

Muka koma gida. Siebe ya bugo waya sau biyu cikin makon, yana cewa kowa yana kuskure, ya dawo. Kawu ya ce masa ya gode, ƙafa ce take damunsa.

Bayan mako biyu Kawu ya kira ni gareji, ya dafa jan saitin.

"Auke, wannan ma ka sa shi a kasuwar taku."

"Kawu, mu ƙara gwadawa mana. Kullum da rana ina da awa biyu."

"Na ce ka sa."

Na ɗauki hotuna don ya ji ƙarar wayar. Ban sa tallar ba. Yau wata huɗu ke nan, jan saitin yana nan a kafe, keken Inna Renske yana jingine a gefensa. Ita ta sani, amma ba ta tona ni ba. Duk Lahadi nakan je mu ci abincin rana tare, in mun gama ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin cokalina.

"Ba wanda ya rubuto?"

"Babu, Kawu."

"Ko mai neman rabin kuɗi?"

"Ko shi."

Sai ya gyaɗa kai, yana ƙwanƙwasa gefen faranti da yatsa.

"Kasuwa ta lalace," ya ce. "To, a ƙara mata mako ɗaya."